Kwano, alminiyum, Gerard ko dekin: da wanne zan rufe gidana a Bauchi?

Wani ɗan'uwa malamin makaranta ne ya aiko da tambaya. Yana gina gida mai ɗaki uku da falo a wajejen Inkil, nan cikin Bauchi, gini ya kai linta, yana kuma son ya rufe kafin ruwa ya sauka. Kafintansa ya ce alminiyum, surukinsa ya ce Gerard, wato rufin nan mai tsakuwa a kai, shi ne rufin gidan mutunci, wani abokinsa ya ce ya daure ya zuba dekin ya huta gaba ɗaya, kuɗin da ke hannunsa kuwa sun fi kusa da na kwano. Wanne zai ɗauka?

Malam, Allah ya sa a gama lafiya, ya sa a shiga a sa'a. Bari in fara ba ka amsar, bayani ya biyo baya. Da ni ne a matsayinka, dogon alminiyum zan saya, wanda ake kira lonsifan, mai kaurin milimita 0.55, mai launi mai haske, in ɗora shi a kan jan katako da ya bushe ya sha maganin gara, in ɗaure rufin da jikin ginin ɗauri na gaske, in kuma ware kuɗin silin tun yanzu. In kuɗi bai kai ba, in sauko kan aluzin mai kauri, wato kwanon ƙarfe da aka lulluɓe da haɗin alminiyum. Amma ba zan taɓa rage katako ko ɗauri ba don in sayi abin da zai burge masu wucewa. Shekarun da na yi ina hawa kan gine-gine a garin nan sun nuna mini cewa mafi yawan rufin da ya kunyata mai shi, ba kwanon ne ya gaza ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne.

Duk wanda yake Bauchi a watan Yunin 2018, a cikin kwanakin ƙaramar sallah, bai manta iskar nan ba. An rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, gidaje masu yawa kuma suka wayi gari babu rufi. A kwanakin da suka biyo baya an kira ni gidaje da dama, kuma akwai guda da har yau nake ba yarana labarinsa a wurin aiki. Rufin alminiyum ne sabo, mai kauri, mai tsada. Iska ta ɗauke shi ɗungurungum da katakonsa, ta kife shi a filin da ke bayan gidan kamar an kife faifai. Na zagaya shi, ko ƙusa ɗaya ba ta zare daga jikin alminiyum ɗin ba. Da na hau kan bangon sai na ga abin da ya faru: katakon da aka shimfiɗa a kan bulo, da siririyar wayar ɗaurin rodi aka ɗaure shi, ita ma nan da can, an ratsa ta cikin bulo ɗaya na sama kawai. Wasu wuraren wayar ce ta tsinke, wasu wuraren bulon ne ya taso da ita. Maƙwabcinsa mai tsohon kwano da ya fara ja saboda tsatsa, nasa na nan daram, don wanda ya yi masa aiki rodi ya dasa a cikin kankaren linta, ya lanƙwasa shi a kan katakon.

Mutane suna zaton iska tura rufi take yi. Tsotsarsa take yi zuwa sama, musamman a kusurwoyi da bakin rufi da kan tozo, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ciki, sai ta haɗa da turowa daga ƙasa. Shi ya sa tun da gininka yana linta, yanzu ne lokacin. Ka sa a zagaye ginin da kankare a sama, a dasa rodi ko langa-langa mai kauri a cikinsa, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, a matse tazarar a kusurwoyi. Kowace ƙafar katako da ta sauka a kan bango a ɗaure ta, kada a dogara da ƙusar da aka buga a karkace. 

To, mu zo kan kayan.

Kwano na gargajiya ƙarfe ne da aka tsoma a wani farin ƙarfe da ake kira zin don kada ya yi tsatsa, kuma bandir ɗaya falle 20 ne. Wanda iyayenmu suka rufa da shi yana da nauyi, shi ya sa za ka ga gida a Bakaro ko Jahun kwanonsa ya shekara 40 yana aiki. Na yanzu mai araha, akwai wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.15 zuwa 0.20 ba, kana ɗaga falle yana lanƙwashewa a hannunka kamar takarda. Irin wannan a bakin ƙusa yake fara yagewa, don duk iskar da ta kaɗa shi tana ƙara buɗa ramin, nan kuma tsatsa ke samun ƙofa. Araha ba ta ado, amma ba na raina kwano. Ga shago, ga ɗakin ajiya, ga rumfar dabbobi, ga wanda damina ta taso masa babu yadda zai yi, kwano ya rufa wa miliyoyin mutane asiri. In shi za ka saya, ka ɗauki mafi kauri da kuɗinka ya kai, a matse tazarar katakon da ake buga shi a kai, a ɗora falle kan falle da tudu ɗaya da rabi a gefe, da inci 6 a tsawo, a buga ƙusa mai hula a kan tudu, ba cikin kwari inda ruwa ke bi ba.

Aluzin ɗan'uwan kwano ne, shi ma ƙarfe ne a ciki, sai dai abin da aka lulluɓe shi da shi haɗi ne: kashi 55 cikin ɗari alminiyum, kusan kashi 43 zin, ɗan ragowar silikon. Wannan lulluɓin ya fi zin zalla jure wa tsatsa nesa ba kusa ba, kuma da yake mu nan babu iskar gishiri irin ta Legas ko Fatakwal, aluzin mai kauri yana daɗewa ƙwarai. Yana da ƙarfi fiye da alminiyum mai kauri ɗaya da shi, ba ya saurin loɓawa in an taka. Abin da ba ya so shi ne a yanka shi da injin gurza ƙarfe, don wutar tana ƙona lulluɓin, ɓurɓushin da ya zuba a kai kuma ya zama ɗigon tsatsa bayan ruwan farko. Da almakashin kwano ake yanka shi.

Alminiyum kuwa ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, ba shi da nauyi, kuma a injin ake matso maka shi daidai tsawon rufinka daga tozo har baki, babu haɗi a tsakiya, ka ga an rage wurin yoyo. Lonsifan da sitef-tayil da metkofo duk abu ɗaya ne, zanen da injin ya matsa ne ya bambanta. Masu zanen tayil sun fi kyau a ido, amma sun fi cin kaya da katako. A nan ne fa ake cutar mutane, don haka ka saurare ni da kyau. Abu na farko, ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu. Alminiyum ba ya kama mayen ƙarfe. In ka manna ya liƙe, ƙarfe ne aka yi wa fenti, ko da me aka rubuta a rasit. Abu na biyu kauri. Akwai ɗan abin awo da ake kira maikuromita, ba shi da tsada. Na taɓa raka wani bawan Allah karɓar kayansa, an rubuta masa 0.55, ya biya kuɗin 0.55. Na matse abin awon a bakin falle na farko, ya tsaya a 0.40, har da fentin. Na gwada na tsakiya, na gwada na ƙasa, duk haka. Mai kayan ya yi shiru, can ya ce yara ne suka ɗora wani nadin a kan injin. Ko ma mene ne, da an buga shi a sama shi ke nan, wa zai hau ya auna? Ka auna a wurin da ake matsawa, kafin a loda a mota, ba bayan an sauke a gidanka ba. 0.45 na gaskiya zai yi in an matse katako, 0.55 shi ne wanda nake kwana da hankali a kwance, 0.70 kuwa na manyan gine-gine ne masu faɗi, gidanka ba ya bukatarsa.

Alminiyum yana da hali guda biyu da ya kamata kafinta ya sani. Yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, kusan ninki biyu na ƙarfe. Falle mai tsawon mita 10, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, zai iya motsawa kusan milimita 9. Ƙarar nan da kake ji "ƙas, ƙas" a sama da hantsi ko bayan magariba, ita ce. Saboda haka ƙusar alminiyum ko sukuru mai roba a wuya ake sa masa, kada a danne har roba ta fashe, kada kuma a sa baƙar ƙusa, don za ta yi tsatsa ta ci bakin ramin. Na biyu, ba ya shiri da ɗanyen siminti. Inda ya haɗu da bango, a shafa kwalta ko a sa wani abu a tsakani kafin birkila ya yaɓa.

Gerard sunan kamfani ne da ya samo asali daga ƙasar Niyu Zilan, amma a kasuwarmu duk rufin da aka yayyafa wa tsakuwa sunansa Gerard, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. A ciki aluzin ne, aka shafa masa wani irin gam, aka manna ɓarzajjen dutse. Surukinka bai yi ƙarya ba, yana da kyau, kuma yana da wata fa'ida ta gaske: ruwan Agusta in yana dukansa ba ka jin ƙara, za ka yi hira a falo ba tare da ɗaga murya ba. Yadda fallayensa ke sarƙe juna, ana kuma buga ƙusa ta goshi, yana sa ya riƙe iska da kyau. To amma lissafinsa ba a kan fallen yake tsayawa ba. Nauyinsa kilo 6 zuwa 7 ne a kowane murabba'in mita, na alminiyum kuwa bai kai kilo 2 ba. Katakon da ake buga shi a kai kusan kowane santimita 37 ake jera shi, ka ga katako ya ninka. Ga yanke-yanke da ke zubewa a kowace kusurwa, ga kuɗin aiki da ya fi na saura. Sannan jabu ya cika kasuwa. Ka ɗauki falle ka murza shi da babban yatsa da ƙarfi, ka lanƙwasa gefensa kaɗan. In tsakuwa tana zuba a tafin hannunka, haka za ta zuba a indararo bayan damina biyu, rufin ya yi dabbare-dabbare. Akwai wanda ma fenti ne a kan yashi, rana ɗaya ta bazara ta fara koɗar da shi. Mai kuɗin na asali ya saya, ba ni da ja. Mai albashin koyarwa da zai haɗa kuɗin ne da ƙyar ya ƙare a kan na jabu, shi nake ji wa tsoro.

Dekin kuma, tambaya ɗaya ce: za ka ɗora bene nan gaba? In e, to dama tun daga tushe ya kamata a ce an yi shirinsa, da ginshiƙai da rodi bisa lissafin injiniya. In a'a, ka bar shi. Mu ce saman gidanka murabba'in mita 150 ne, kaurin dekin inci 6. Kankaren da za a zuba zai kai nauyin tan 54, zai ci siminti kusan buhu 140, ban da rodi da tsakuwa da yashi da katakon tokara. Ko da yake ga simintin Ashaka kusa da mu, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tushen da aka haƙa don ɗaukar kwano ba zai ɗauki tan 54 don an yi masa fatan alheri ba, kuma rai ake magana. Iska ba ta ɗaukar dekin, gara ba ta cinsa, wuta ba ta saurin kama shi, duk gaskiya ne. Amma "hutawa gaba ɗaya" da abokinka ya faɗa ba haka take ba. Kankare yana tsagewa da zafi da sanyi, ruwa yana bin tsagar ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya ɓantaro siminti daga ƙasa. Sai an ba shi gangara, an yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7 bayan zubawa, an bar shi ya kai kwana 28 kafin ya cika ƙarfinsa, an shimfiɗa masa fel, wato shimfiɗar hana yoyo, da kwalta, a kuma sabunta bayan 'yan shekaru. Sannan ga zafi: dekin yana shan rana tun safe ya adana, sai dare ya yi ya fara amayar da ita cikin ɗaki. Wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin dekin a watan Afrilu babu wuta ya san abin da nake faɗa. Shi ya sa da yawa daga masu dekin suke komawa su ɗora masa kwano a sama, an biya kuɗin rufi sau biyu ke nan.

Maganar zafi ta shafi dukkansu. A Maris da Afrilu zafin garin nan yana taɓa digiri 40, rufi mai baƙin launi ko ruwan ƙasa mai duhu kuwa jikinsa yana iya haura 70. Yayin baƙin rufi da aka shiga yanzu yana ba ni takaici ƙwarai, don yara da tsofaffi ne ke kwana a ƙarƙashinsa. Fari, ruwan toka mai haske, ruwan madara, ko alminiyum da ba a yi wa fenti ba, su ne ke mayar da rana. Bambancin da ke tsakanin kwano da alminiyum wajen zafi bai kai bambancin da ke tsakanin baƙi da fari ba, kuma duka biyun ba su kai bambancin gida mai silin da marar silin ba. Ka yi silin, POP ne ko PVC ko na katako, ka bar sarari mai kyau tsakaninsa da rufi, a buɗe ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi da can sama don zafin da ya taru ya sami mafita. A sa musu raga, in ba haka ba jemagu za su tare, kashinsu kuma yana lalata silin ga wari. Akwai takardar alminiyum mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rufi kafin a buga, tana rage zafi sosai in an bar 'yar tazara tsakaninta da fallen.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin mu. Rufin soro, azarar giginya da ƙasa a kai, a shafe da makuba ko katsi, a fitar da indararo, ɗaki ne mai sanyi da rana mai ɗumi da hunturu. In ka sami dama ka je Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa, ka shiga Gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin. Azara ba ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba, shi ya sa da wannan dabarar ta baka suka rufe manyan zauruka. Abin da ya kori rufin soro shi ne yaɓe duk shekara kafin damina, da ƙarancin giginya, da ƙarancin maginan da suka iya. Na ga gidajen da suka bar soron a matsayin silin suka ɗora kwano a sama, kuma ban shiga ɗakin da ya fi nasu daɗi ba. Jinka ma akwai sanyi, sai dai a cikin gari gobara ta hana.

Asbestos ba na ba kowa shawararsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu, ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi. Wanda yake da tsohonsa a gida kuma bai fashe ba, ya bar shi kada ya gurza ko ya huda. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi falle-falle ba tare da fasawa ba, ma'aikata su rufe hanci, kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Saura siffar rufin, wadda ke cinye kuɗin mutane ba su sani ba. Dogon rufin nan mai tsini da ake yayi, wanda wani lokaci ya fi bangon gidan tsawo, asalinsa na ƙasashen da ƙanƙara ke taruwa a sama ne. Gida mai murabba'in mita 150, in an ta da rufinsa digiri 45 zai ci kaya kusan mita 212, in an tsaya a digiri 25 kuwa kusan 165 ne. Bambancin ya kusa mita 50, ban da katako, ga kuma faɗin da ka ba iska ta daka. Wanda ya kwanta sosai shi ma iska ta fi tsotsarsa, ruwa kuma yana komawa ta haɗi. Tsakanin digiri 25 da 30, mai gangara ta fuska huɗu, shi ya fi zama lafiya a iskarmu. Ka rage yawan kwaruruka da ƙananan tozaye na ado, don kowane kwari wurin yoyo ne. Bakin rufi ya fito kamar ƙafa biyu ya kare bango daga feshi, kada ya wuce haka da yawa. Rufin da ake ɓoyewa a bayan bango yana samun kariya daga iska, amma magudanarsa ta kankare tana toshewa da ƙurar hunturu da leda da ganye, ruwan farko ya cika ta ya koma cikin silin. Mai irinsa sai ya hau ya share duk Afrilu.

In ka je kasuwar katako ta Muda Lawal, jan katako za ka nema, ba fari ba. Farin na tokaran dekin ne, gara da ƙwaro ba sa barinsa. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba tsawonsa da ido ɗaya ko ya karkace, ka guji ɗanye, don in ya bushe a sama murɗewa zai yi ya ja rufin. A shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, kowace fuska, musamman bakin da aka yanka. Baƙin mai da wasu ke shafawa yana ɗan taimakawa, amma bai maye gurbin magani ba. In kana da niyyar ɗora farantan sola, ka gaya wa kafinta tun yanzu ya ƙara katako a ɓangaren da za su zauna.

Abu ɗaya da ban so ka manta. Ruwan da ke sauka a Bauchi a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, wato rufinka zai tara lita kusan 150,000, duro 750 ke nan. In ka bar shi yana zuba a gindin bango, shi ne zai ci tushen gidan ya kuma haƙa rami a layinku. Ka sa indararo da bututu zuwa tanki ko magudana. Ruwan farko na damina a bar shi ya wanke ƙura ya wuce, na bayansa uwargida za ta yi wanki da wanke-wanke da shi har kaka.

Kafin ka biya kowa ko sisi, ka sa kafinta ya auna rufin a gabanka ya rubuta tsawon kowane falle da adadinsa, ka kai wannan takardar wurin masu matsawa biyu ko uku, kowa ya rubuta maka farashi da kauri a rubuce. Ranar karɓar kaya ka je da kanka, da mayen ƙarfe da abin awo.